Bencin Layin Baya

Allin da ke hannuna ya suɓuce ya karye.

Shi ne, wallahi! Kafinta, zaune a layin baya kan bencin nan mai gurguwar ƙafa, cikin manyan ɗalibaina masu koyon Turanci bayan la'asar. Ya rame. Ni kuwa na yi kewarsa har na rasa inda zan sa idona.

Shi ya ƙera bencunan ajin nan duka. A nan muka shaƙu, yana buga ƙusa ina share allo, har ya yi maganar turo magabatansa. Yayana ya yi tsalle ya dire, wai ƙanwarsa mai digiri ba za ta ƙare da sharar garin katako ba. Mai makarantar, abokin Yaya, wanda ya daɗe yana min murmushin da ban roƙa ba, ya sallame shi. Tun daga nan Kafinta ya ɗauke ƙafa, ko sallama babu.

Na daure na ce, "Yau za mu koyi yadda ake faɗin abin da mutum yake yi a da ya bari, da kuma abin da ya saba da shi. Kowa ya kawo misali."

Mama mai yadi, aminiyar mahaifiyarmu, ta miƙe da Turancinta mai ɗingishi, wai da tana tiƙar rawa a biki, yanzu ta saba da ciwon gwiwa. Aji ya kwashe da dariya.

Aka zo kansa. Ya tashi, bencin ya yi ƙwas.

"Da ina zuwa ajin nan kullum..."

"Saura abin da ka saba da shi."

Ya bar Turancin ya koma Hausa. "Ba ni da shi, Malama. Na gwada, na kasa."

Sai kawai na ce a tashi.

Kowa ya watse, ban da Mama da ta tsiri neman takalminta. Shi kuwa ya durƙusa gaban bencin, ya zaro kwalin da na ninke na cusa ƙarƙashin ƙafar.

"Wa ya yi wannan aika-aikar? Kafintoci sun ƙare ne?"

"Mai makaranta ya sha kawo su. Ni ke korarsu."

"Don me?"

"Hannunka ne ya yi shi..."

Ya ɗago a hankali. "Aiki na samu a ƙetare, shi ya sa nake neman Turancin. Na ce in yi nisa ko zan manta. Tunda an sa ranarki da shi..."

"Da wa?!"

"Mai makaranta. Da bakinsa ya gaya min."

"Allah ya kiyaye! Kai kuma ka yarda, ko ka tambaye ni? Ka san sau nawa na leƙa tagar nan in na ji ƙarar guduma?"

Hawaye suka ɓalle min.

"Yi haƙuri, Malamata... yi haƙuri, hasken idona."

"Kada ka tafi. Don Allah kada ka tafi."

Mama ta yi gyaran murya, takalmin nata ashe yana ƙafarta. "Wannan yayan naki ni na goya shi a bayana. Ku bar ni da shi, ja'iri!"

Kafinta ya mayar da kwalin inda ya ciro shi.

"Ba za ka gyara ba?"

"Ban zo da guduma ba. Sai gobe, in na fito daga wurin Babanki."

"Tafiyar fa?"

"Wace tafiya?"

Yaya ya yi ta kumbure-kumbure, amma bai iya haɗa ido da Mama ba, Baba kuma dama bai taɓa cewa a'a ba. Ranar da na ajiye aikin makarantar, bencin kaɗai na nema. Mai makaranta ya ce in kwashi tarkacena.

Bencin yana tsakar gidanmu yanzu, har yau da kwalinsa. Duk sanda mijina ya ɗauko guduma ya nufe shi, sai in riƙe hannunsa.

"Bar shi haka, Kafinta. Na saba."