Yatsa na Biyar

Duk wanda ya ɗauki hoto a gaban sabon ɗakin taron Alhaji Dogara, can wajen Ƙofar Doka, to a gaban aikina ya tsaya. Amare, 'yan jami'a, har baƙin da ake kawowa su ga yadda Zariya ta iya ado. Zanen bangon nan daga kaina ya fito. Tafin hannun hagun da ke tsakiyarsa ma nawa ne, ni Rilwanu, wanda mutum ko aljan bai taɓa ganin ƙeyarsa ba.

Mahassada za su ce ya yi kama da zanen tsohon soron Gwaggo Kulu, ƙanwar babana, a Ƙofar Gayan, wanda mijinta marigayi Bahago magini ya yi da laka, ya danna tafinsa a tsakiya. Gaskiya ne na ɗan leƙa soron da bokitin filasta, irin wadda ake ɗaukar shatin zane da ita. Gaskiya ne kuma ni na ce mata zai rufto mata da damina, aka rushe shi, ta koma Tudun Jukun wajen 'yarta Tayyiba. Ai taimako ne. Ban da haka, Bahago yatsu huɗu gare shi, azara ta cinye ƙaramin. Na bangona biyar ne cif. Ni na san yadda aka yi suka cika.

Ana gobe bikin buɗewa, inda za a kira sunana a lasifika, Alhaji ya aike ni in gwada fitilun da za su haska bangon. Na isa dab da magariba. Ma'aikata duk sun tafi alwala. Jemagu sun fara fita.

Na kunna fitila. Sai ƙamshi ya bugi hancina, na jiƙaƙƙiyar jar ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa. Ga shi rani ne. Bangon kuwa siminti ne da fenti.

Sai na ji ɗaf. Ɗaf. Irin ƙarar tafi a kan ɗanyen yaɓe.

Na yi gyaran murya, na tambaya ko mai gadi ne. Ƙarar ta tsaya. Wata ta maye gurbinta, ƙar, ƙar, kamar ana kankare ƙanzo. Garin siminti ya soma zubo mini a hula.

Na ɗaga kai.

Inuwar mutum ce a jikin bangon, a tsugune a sama, inda babu tsani babu katako. Mai inuwar kam babu shi. Da hagu take aiki.

Numfashi ya sauka a wuyana, mai sanyi, mai ƙamshin goro.

"Wa ya ƙara mini?"

Na so in ce muku tsawa na daka. Abin da ya fito dai shi ne, "Ado ne, Baba."

"Kulu fa? Ina take kwana?"



Wani abu mai damshi ya kama ƙaramin yatsana na hagu. Ya matsa a hankali, yadda ake gwada laka ko ta yi.

"Tunda biyar kake so, kawo naka."

Ya ja.

Ladan ya ɗaga murya. Riƙon ya yi sako-sako, na fizge.

Ba gudu na yi ba, sauri na yi kada jam'i ya wuce ni. Illa dai na wuce duk masallatan unguwar ban lura ba, kuma da takalmi ɗaya.

Da safe yatsa na biyar ya ɓace daga bangon, wurin sumul, har fentin bai tashi ba. Nawa kuma tun ranar ba ya lanƙwasuwa. Sanyi ƙalau, kuma ko na wanke da sabulu, warin ƙasa yake yi.

A wajen biki na zura hannun a aljihu, ina yi wa baƙi bayanin cewa da gangan na rage yatsan, don a nuna ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Suna ta jinjina kai, wani har yana ɗauka a waya. Ban san Tayyiba ta kawo Gwaggo kallo ba, sai da na ji sandarta a bayana.

Gwaggo ba ta kalle ni ba. Ta daɗe tana duban tsakiyar bangon, ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce da ni in ciro hannuna tunda na ce tafin bangon nawa ne, jama'a su gwada. Na ce ciwo yake yi.

"Bar shi a aljihun, Rilwanu," ta ce a hankali. "Wancan hannun, tun kafin a haife ka nake zuba masa ruwa yana wanke laka."