Ɗankwalin Toshin Sallah

"Ki ba ni atamfar, in kai ki Dutse."

Shamsiyya ce ta faɗa tana kankare lalle a yatsanta, ko kallon Mardiyya ba ta yi ba.

"Wace atamfa?"

"Kin sani sarai. Wadda Tasi'u ya kawo miki toshin Sallah."

Tun azumi mahaifin Mardiyya, Baba Haruna, ya ƙwace wayarta, ya ce kar ya ƙara ganin Tasi'u ɗan masunta a ƙofar gidansa. Bai yafe ba tun shekarar da mahaifin Tasi'u ya fasa masa jingar gona don kifi ya bi ruwa, ambaliya ta cinye masa shinkafa. Ga shi samari da 'yan matan unguwa sun haɗa mota za su yawon Sallah a Dutse, Tasi'u yana ciki, Baba kuwa ya ce ba inda za ta sai da Shamsiyya, 'yar wansa.

"Yaya Shamsiyya, ki ji tsoron Allah... Kin san saƙon da ya aiko. In ya gan ta a jikina zai turo magabatansa. In bai gani ba zai tafi kamun kifi tafkin Chadi, ba ranar dawowa!"

"To ki zauna a ɗaki ki ɗaura wa madubi."

Duk Haɗeja an san budurwa ba ta kyautar da toshi sai ta gama da mai shi. Mardiyya ma ta sani. Amma wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake. Ita dai ta gan shi, ta yi masa bayani.

"Na yarda," ta ce, hawaye na zuba.

Da safe a tasha Tasi'u ya iso da fara'arsa. Yana ganin atamfar a jikin Shamsiyya fuskarsa ta mutu.

"Ya ka ga ɗinkin?" Shamsiyya ta juya masa. "Mardiyya ce ta ce kalar ba ta yi mata ba."

"Ƙarya ne! Tasi'u..."

Ya shige gaba kusa da Auta direba, ya ja ƙofa.

Har aka wuce Jahun bai waiwayo ba. Ana waƙa ana tafi a mota, ita kuwa ƙeyarsa kawai take kallo.

A Dutse suka hau tsohon garin Garu. 'Yan mata na ɗaukar hoto jikin zanen bangon tsohuwar fada, samari na cinikin dabino. Duk inda Mardiyya ta nufa Shamsiyya na manne da ita kamar kaska.

Sai Auta ya matso ya ce, "Ke Mardiyya, mutuminki fa ya ɗau jakarsa. Ya ce ba da shi za a koma ba, daga nan motar Maiduguri zai hau."

Ba ta san sadda ta fizge hannunta ba.

Ta gangara da gudu tsakanin duwatsu. Takalmi ya tsinke, ta bar shi nan. Tsakuwa ta yanke ta, ba ta ji ba.

"Tasi'u! Don girman Allah ka tsaya!"

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Na ga amsata, Mardiyya. Sai da kika sa wata ta ɗaura min ita a gaban abokaina?"

"Da ita na sayi ganinka, masoyina... Ba don haka ba da yanzu ina kulle a gida."

"Baki ne. Kowa yana da shi."

"To juyo ka ga wanda ba baki ba!"

Ya juyo. Ta zame mayafinta baya kaɗan. A kanta ɗankwalin atamfar ne, ta ɗaure shi tam tun asuba.

"Riga da zani na bayar. Wannan na ɓoye. Kaina ne ya ɗauki toshinka, rabin raina... in ka tafi, da me zan koma Haɗeja?"

Jakar ta suɓuce daga hannunsa. Ya dubi ƙafarta da ke jini.

"Ke wace irin yarinya ce..." Ya cire takalmansa ya ajiye a gabanta.

Can sama Shamsiyya ta ɗauke su a waya tsaf, ta tura wa Baba Haruna.

A majalisa saƙon ya same shi, wayar ta zaga hannun dattawa kafin ya ankara. Da yamma Mardiyya ta shigo gida da takalmin namiji. Baba ya daɗe yana kallon ƙafarta.

"Wadda ta bar takalmi a kan dutse, in na hana ta, gobe a Chadi zan nemo ta," ya ce. "Ki ce ya turo. Amma jingar da ubansa ya fasa, da hannunsa zai ɗaure min ita kafin damina."

Tasi'u ya ɗaure ta har ya ƙara mata tsayi. Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure.

In ana lissafin ciniki, Baba Haruna ya fi kowa riba: ya samu jinga, ya samu suruki mai kawo kifi. Mardiyya ta yi asarar riga da zani da takalmi ƙafa ɗaya, ta samu miji. Shamsiyya kuwa atamfar na nan a akwatinta ba ɗankwali, ba ta ƙara ɗaura ta ba, don duk inda ta shiga sai an tambaye ta ina mai ita.