Farar da Baba Ya Zaɓa

Da safe Auta ta iso gidan mahaifinta, ta shiga ɗakinsa, ta tarar da kwamfutar hannu ɗaya a kan tebur maimakon biyu. Baƙar tana nan a jikin caji. Farar kuwa ta yi ɓatan dabo, wayar cajinta ce kawai ke reto.

Duka biyun aro ne. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, maganarsa ta ɗauke, likita ya ce a nema masa wadda zai riƙa taɓa hoto tana magana a madadinsa, ko ruwa ya iya roƙa. Mai shago ya ba Auta biyu ta gwada ta zaɓi ɗaya. Da ya ji an sace, sai ya kira 'yan sanda.

Kafin Sufeto ya iso, Yaya Babba, ɗan farin Baba da ke jinyarsa, ya riga ya sa an kamo mai gyaran famfon da ya yi aiki a gidan jiya ya fasa masa leɓe. A gida irin wannan ba a wahalar neman ɓarawo muddin akwai mai dattin riga kusa.

Sufeto ya duba taga, ƙarfenta lafiya. Ya duba kwaɗon ƙofa, ba a taɓa shi ba. Dattijon yana kwance yana bin sa da ido, hannunsa na hagu na rawa a kan bargo.

"Wacce ta fi tsada?" ya tambayi Auta.

"Baƙar, nesa ba kusa ba. Siririya ce, ga kyan hoto. Amma ko numfashi ka yi a kanta sai ta buɗe wani abu, hannun Baba kuma rawa yake. Farar katuwa ce, mai rigar roba, sai an danna sosai, ga ƙarar murya."

"Wacce kika zaɓa?"

"Ni baƙar na so, kowa ya sani. Shi ne jiya da rana ya rungume farar ya ƙi saki."

"Wa ke wurin?"

"Daga ni sai shi. Na gyara masa ita, na tafi gidana."

Ya zaunar da ita ta faɗa masa duk gyaran da ta yi, sannan ya sa aka kawo mai famfo.

"Ka dawo da yamma?"

"Na dawo, ranka ya daɗe, sifana na manta. A ƙofa aka miƙo mini."

"In ka ga kwamfutoci biyu a ajiye, wacce za ka ɗauka?"

Mutumin ya share jini da bayan hannu. "Ni ba ɓarawo ba ne. Amma wane wawa ne zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya?"

"Tashi ka je a wanke maka bakin."

Binciken matar Yaya bai ɗauki lokaci ba. Tana gidan iyayenta wajen jinyar ƙanwarta, da safen nan ta dawo, direban da ya kawo ta ya shaida. Saura mutum ɗaya.

Yaya Babba ya zauna ya harɗe ƙafa. "Ni ko kallo ba su ishe ni ba, Sufeto. Ban taɓa ganinsu a kunne ba. Abin da Baba yake so ni na sani, ido kawai zai ɗaga."

"Kenan ba ka goyi bayan sayen ba."

"Ina zan goya? A ɗauki dattijo mai mutunci a sa shi magana da muryar mace?"

Sufeto ya waiwaya. "Auta, wace murya suka zo da ita?"

"Ta namiji, duka biyun." Sai ta dafe ƙirji. "Jiya na sauya wa farar, don ta mace ta fi shiga kunnensa."

"To ka ji," in ji Sufeto. "Ɓarawon waje da ya kwashe duka, ko ya ɗauki mai tsada. Wanda ya ɗauki farar ya san ita ce mai amfanin Baba, alhali kowa na zaton baƙar za a saya. Muryar macen kuma babu wanda ya ji ta sai wanda ya shiga bayan tafiyar Auta. Kai da ba ka taɓa ganinta a kunne ba, a ina ka ji?"

Yaya ya sauke ƙafarsa. Babu kunya a idonsa, sai tsagwaron ɗaci.

"Aikina na bari saboda shi. Ni ke ɗaga shi, ni ke wanke masa kashi. Ita sai ta zo da turarenta ta zauna ta tafi. Na ga hotunanmu a ciki, na ce, Baba, wa kake so ya riƙe ka? Ya danna, ta ce Auta. Na ce kuskure ne, sake. Ta ce Auta. Ko rawa hannun bai yi ba."

"Ina take?"

"Na jawo bokitin wankansa, na tsoma ta yana kallo. Na ce to kira ta mu gani."

A kwandon shara aka same ta, ruwa na ɗiga daga bakin cajin. Mai shago ya jujjuya ta ya ce ta mutu, kuma ita ce ta ƙarshe, an daina kawo irinta. Sufeto ya sha ganin mugunta, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya ce Yaya ya wuce mota, ga ɓarna ga dukan mai famfo.

A bakin ƙofa Yaya ya tsaya ya leƙa ɗakin.

"Ga ta nan, Baba, wadda ka zaɓa. Ke kuma lokacin bayan gidansa ya yi. Ɗaga shi."

Motar ta tashi. Auta ta zura hannu ƙarƙashin kafaɗun mahaifinta ta ja, bai motsa ba. Ta sake yunƙurawa har ta durƙushe a gefen gadon. Sai ta ga zanin gadon yana jiƙewa a hankali, Baba ya runtse ido ya juyar da fuskarsa bango.