Kuskuren da Hamdiya Ta Raɗa wa Suna

"Baba, wallahi Samba bai sayar da allurar nan ba!"

Hamdiya na durƙushe a zaure, hawaye na ɗiga a kan mayafinta. Malam Abarci bai dube ta ba. Hularsa kawai yake juyawa a hannu, kamar yadda yake yi duk ranar da hankalinsa ya tashi.

"Shanu sittin da uku, Hamdiya. Ya ce ya yi musu rigakafi a Ɗan Gulbi, na'ura ta ce bai yi ba. Na'urar kuma wa ya tsara ta?"

"Ni ce..."

"To ke ce maƙaryaciya ko shi?"

Ta sunkuyar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Duk Dakoro ana faɗin an kore shi don cin amana. Ni ba ni ba mutum irin wanga ɗiyata. Na gama magana."

Shekara guda ke nan da Hamdiya ta dawo daga karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi, ƙungiyar makiyaya ta ɗauke ta aiki. Ita ta rubuta manhajar da ma'aikatan daji ke amfani da ita a waya. Duk saniyar da aka yi wa allura, sai a shigar da lambar kunnenta da sunan mai ita, bayanin ya tafi biro, wato ofishin ƙungiyar. Samba na cikin ma'aikatan nan. Bafillace ne dogo, mai kunya, wanda ya yi wata huɗu yana kawo mata cuku kafin ya iya furta abin da ke ransa.

Da safe ta same shi a bakin kasuwar dabbobi, zaune kan motonsa, wato babur, ya rame.

"Hamdi na... ki daina kuka, kin ji? Idonki ya kumbura."

"Faɗa min gaskiya, Samba. Mi wayar ta nuna maka ranar?"

"Abin da ta saba nunawa mana. Jan rubutu, Erreur. Na kira shef Yazidu har sau uku, ya ce duk Erreur ta rezo ce, in ci gaba da aikina, in na shigo gari bayanan za su tahi da kansu."

"Ba su tahi ba."

"Ba su tahi ba, masoyiyata. Yanzu kuma ya ce ban taɓa kiran shi ba."

Hamdiya ce ta rubuta wannan kalmar, wato kuskure da Faransanci. Tana sauri lokacin, sai ta sa duk matsalar da ta taso, ko ta mene ce, ta fito da suna ɗaya: Erreur. Rashin rezo, wato layin sadarwa, Erreur. Lamba ba daidai ba, Erreur. Kamar likitan da kowa ya zo masa sai ya ce "ba ka da lafiya," ya sallame shi.

A biro ta tarar da Yazidu, shugaban sashensu, yana ƙamshin turare.

"Hamdiya, na ga kin buɗe tsohon aiki. Bar shi mana."

"Ina son in raba kurakuran ne, shef. Kowane da sunansa."

Ya jawo kujera, ya sassauta murya.

"Ki yi tunani. In aka gano matsala a manhajar, wa za a kama? Ke. Ni ina kare ki ne fa... Jiya ma na je gaida Baba, ya karɓe ni hannu bibbiyu."

"Na gode, shef."

Yana fita ta ci gaba.

Kwana uku ta yi a kai. Ta ƙirƙiro kurakurai uku, ta raɗa wa kowane suna, ta rubuta masa saƙon da zai nuna wa ma'aikaci. Na farko KuskurenRezo. Na biyu KuskurenLamba, in lambar kunne ba ta cikin rajista. Na uku KuskurenMaiIta, in sunan da aka shigar ya saɓa da wanda aka yi wa saniyar rajista da shi tun farko.

Na'urar biro tana ajiye duk bayanin da ta ƙi karɓa a wani lungu da ba a cika dubawa ba. Hamdiya ta buɗe shi. Ga su nan, shanun Samba, sittin da uku cif! Ta sake tura su ta sabuwar hanyar.

Babu ko ɗaya na rezo.

Duka sun faɗa cikin na uku.

Ran nan da la'asar ta zauna a tsakar gida da ordinatar a cinya, ta kasa cin komai. Ga alama Samba ya rubuta shanun wasu da sunan wasu. Wannan ai ya fi na farkon muni.

Malam Abarci ya shigo daga gona, ya tsaya a kanta. Kwana uku ke nan shi ma tuwo bai wuce masa da daɗi ba.

"'Yar Baba, kina son ki kashe ni ne? Mi ya faru kuma?"

"Ban gane ba, Baba. Ji nan. Saniya ta Isufu ce a rajista, Samba ya rubuta Salihu. Wata ta Yakubu ce, ya rubuta Rhissa. Ya za a yi saniya ɗaya ta zama ta mutum biyu?"

Tsohon ya ajiye hauyarsa a hankali.

"Karsana ce?"

"Duk karsanoni ne, Baba. Ya aka yi ka sani?"

"Subhanallahi... Wanga ai habbanaye ne!"

"Mi ne ne?"

"Ke kin tashi a lakkwal, kina karatun boko, ina za ki sani. In mutum ya rasa dabbobinsa, sai ɗan'uwa ya ba shi aron karsana. Ya kiwata ta, ya sha nononta, 'yan maruƙan da ta haifa nasa ne, bayan haihuwa uku ya maida uwar. Shekarar fari da aka haife ki, wani abokina Bafillace haka ya yi min. Nonon saniyar nan kika sha, Hamdiya."

Ya zauna a kan turmi, ya riƙe kansa.

"Yaron ya rubuta sunan wanda ya tarar da ita a hannunsa. Bai yi ƙarya ba."

"To laifina ne, Baba. Manhajata ba ta san da wannan ba, ta watsar da aikinsa, ba ta ma faɗa masa dalili ba. Gobe zan gaya wa shugaban ƙungiya, Alhaji Mamani."

"Za su kore ki!" in ji tsohon. "Duk wahalar karatun nan..."

"In na yi shiru, shi fa?"

Ya miƙe daga kan turmin.

"Ki goge min babbar rigata. Tare za mu tahi."

Alhaji Mamani, shugaban ƙungiyar, ya tara su a ofishinsa, har da Samba. Hamdiya ta tsaya, ta nuna musu allon. Yanzu a gaban kowace saniya akwai sabon saƙo: "Kuskuren Habbanaye. Wannan saniyar aro ce? Rubuta mai ita da mai riƙon ta."

"Samba ya yi aikinsa, ranka ya daɗe. Ni ce na kira duk matsaloli da suna ɗaya."

Yazidu ya yi dariyar yaƙe.

"Kun ji ko? Ni ban san komai ba."

"Na'urar tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe lungun nan, shef," ta ce a hankali. "Ka buɗe shi kwana biyu kafin a kori Samba."

Alhaji Mamani ya cire tabarau, ya dubi Yazidu har sai da ya sunkuyar da kai.

"Kai, jira ni a waje. Samba, ka yi haƙuri, gobe ka karɓi wayarka. Ke kuma, Hamdiya, takardar gargaɗi za ki samu. Sannan mako biyu za ki yi a rugage, ki ga yadda mutane ke zaune da shanunsu kafin ki sake rubuta musu komai."

"Na yarda, ranka ya daɗe."

A bakin ƙofa Samba ya matso, idonsa ya yi ja.

"Kin sa aikinki a wuta saboda ni, Hamdi na..."

"Yi shiru, Baba na jin ka!"

Malam Abarci ya yi gyaran murya. Samba ya zube ƙasa.

"Tashi, ɗana. Ni ma na yi nawa kuskuren, na ji magana ban bincika ba. Ka gafarce ni."

"Haba Baba, wallahi ba komai..."

"Ka turo magabatanka ran Juma'a."

Hamdiya ta rufe fuska da mayafi. Tsohon ya yi taku biyu, ya juyo, ya ɗaga wa Samba yatsa.

"Amma ka ji ni da kyau, Bafillace. Wannan ba habbanaye ba ce. In na ba ka, ba a maido min ita."