Labarin da Aka Naɗe Tumatir da Shi

Wallahi ko rantsuwa na yi muku ba za ku yarda ba, amma ni da ko sakandare ban ƙarasa ba ina da labarin da masu digiri ba su da shi. Ku gyara zama!

Da hantsi ne, Marubuciya tana tsugune a bayan ɗaki tana cire ciyawa cikin albasarta. Sunan ma dangin miji ne suka laƙaba mata don zolaya, domin tun da ta tare a 'yar gonar nan ba ta rabuwa da biro. In ta gama ban ruwa sai ta zauna a gindin gwaiba ta yi ta rubutu a kan gwiwa. Mijinta kuwa Mai Dashe ake ce masa, yana renon tumatir da barkono ya kai kasuwa a saya a dasa. Auren soyayya suka yi, kuma shi da bakinsa ya ce, "Ki rubuta, Zumata, ni zan kai wa masu buga littafi da hannuna."

Ta kuwa rubuta har ta kai ƙarshe, ta ɗaure takardun da zare ta damƙa masa. Tun daga ranar, duk sanda ta tambaya sai ya ce, "Suna dubawa, kin san 'yan birni da jan rai."

Tana cikin cirar ciyawar sai ga sallama. Wata tela ce, tef ɗin awo a wuyanta, tana haki.

"'Yar'uwa, nan ne gidan Mai Dashe? Ni ba saye na zo ba. Don Allah yarinyar nan ta haye kogin ko ba ta haye ba?"

"Wace yarinya?"

Tela ta zaro wasu takardu, duk jirwayen laka. "Da su ya naɗo min saiwar tumatir a kasuwa. Na warware zan yar, idona ya faɗa kan rubutun. Wallahi har ɗinkin kwastoma na ɓata! Ina sauran?"

Marubuciya ta karɓa ta duba. Rubutunta ne. Ga ma inda ta soke wata kalma ta gyara.

Daidai nan Mai Dashe ya shigo da kekensa, Yaya Babba, yayarsa da ta rene shi, tana biye da shi. Yana hango takardun sai keken ya kuɓuce masa.

"Zumata, filis ki tsaya ki ji..."

"'Yan birnin ke nan?" ta tambaya a hankali. "Su ne suke dubawa?"

Yaya Babba ta tafa hannu. "To mene ne? Ni na hana shi! Matar da ta yi suna za ta zauna cikin taki ne? Gobe sai mu ji asirin gidanmu a bakin duniya. Takarda dai ta yi amfani, ta riƙe danshi!"

Marubuciya ko kallonta ba ta yi ba, mijinta take kallo, hawaye na zuba. "Yaya ba ta yi min alkawari ba, kai ka yi. Da ka ce ba za ka kai ba, da na haƙura. Amma ka yage su ɗaya bayan ɗaya da hannunka, ka dawo ka ci abincina, ka dubi tsabar idona ka ce suna dubawa?"

"Tsoro na ji," ya ce, kansa a ƙasa. "Na ɗauka in kin ɗaukaka za ki raina ni."

Ba ta yi yaji ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ci gaba da ban ruwa, tana gaida Yaya Babba har ƙasa. Amma ta ajiye biro, gindin gwaiba ya zama kufai. In ya ce "Zumata," sai ta ce, "Na'am, maigida." Wannan "maigida" ta fi bulala yi masa zafi.

Sai ya ɗauki keke ya shiga bin waɗanda suka sayi dashe, gida gida. An sha yi masa dariya kuwa! Wata ta riga ta hura wuta da nata. Wani ya binne tare da saiwar, sai da suka tona. Wani tsoho mai gadi ya ce ba zai bayar ba sai an kawo masa shafi na gaba. Mai Dashe ya dawo ya baƙe da rana, ya shanya takardun a kan tabarma ya danne su da duwatsu, ya durƙusa a gabanta.

"Ga abin da na samu. Ƙarshen ya ruɓe a ƙasa. Sori bai isa ba, na sani."

Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa da suka tsage. Ashe Tela ta baza labari, sai ga ta da mata sun cika tsakar gida, har da 'yarta mai shagon kwamfuta da ta ce ita za ta buga littafin tas. Suka matsa sai Marubuciya ta karanta musu. Tana zuwa inda yarinyar ta isa bakin kogi takardu suka ƙare.

Daga bayan ƙofa sai aka ji muryar Yaya Babba: "To, ta haye ko ba ta haye ba?"

Gida ya kaure da dariya. Marubuciya ta share hawaye ta dubi mijinta. "Zan sake rubuta ƙarshen. Amma daga gobe ban ruwan safe naka ne, har da albasata, sai littafi ya fito."

"Har bayan ya fito, Zumata!"

"Na ji," ta ce, ba ta ƙara da "maigida" ba.

To kun ji. Mai haƙuri ko dukiyarsa aka binne a laka sai ta tsiro. Wanda kuwa aka damƙa wa amana ya naɗe tumatir da ita, ya shirya ɗaukar bokiti kullum da sassafe.