Uwar Ɓeraye

"Sunan wa nake gani a kan aikina?"

Ta buga takardar a kan teburinsa har shayinsa ya zube.

Shekara uku tana ɗakin bincike tana bin diddigin wani irin sinadarin cikin ƙwayar halitta, RNA, da ba ya haɗa furotin ko ɗaya, amma yake taimaka wa ciwon dajin huhu ya tsallaka zuwa ƙashi da ƙwaƙwalwa. Yau ga aikin a jerin jawaban taron masana, da sunan Likita, wanda saura wata biyu aurensu, da na 'yar Farfesa. Nata ko alama babu.

Likita ya yi murmushi.

"Haba zumata, mene ne na ɗaga murya? Abinki ai nawa ne."

"Ita kuma 'yar Farfesa fa?"

"Babanta ne ke sa hannu a ƙarin girma. Ki yi tunani mana!"

Ta kalle shi sama da ƙasa. Wai a kan wannan ta ɓata da yayyenta! Dominsa ta riƙa haɗiye wulaƙancin mahaifiyarsa, matar da ke toshe hanci in ta shigo falo tana cewa, "Ga Uwar Ɓeraye nan," saboda ɓerayen gwajin da take aiki da su.

"Wane lissafi ka ɗauka a kwamfutata?"

"Na farko."

Ta yi wata 'yar dariya mai ciwo.

"To kada ka kai shi gaban mutane. A gwajin farko an musanya kwalabe, lissafin a juye ya fito. Sai da na sake komai."

"Kishi dai... Mama ta faɗa mini za a rina."

"Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta fice.

Ranar taro 'yar Farfesa ta sha ado kamar mai zuwa biki. Ta hau mumbari tana karanta wa masana cewa wannan RNA hana ciwon yaɗuwa yake yi. Likita na gefenta yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Wata dattijuwar masaniya ta ɗaga hannu.

"'Yata, in haka ne, me ya sa a hotunanku ɓerayen da aka toshe wa RNA ɗin su ne ciwon bai taɓa ƙashinsu ba?"

'Yar Farfesa ta kalli Likita.

Likita ya kalli takalminsa.

"Wai wa ya yi gwajin nan?" in ji dattijuwar.

Daga kujerar baya Uwar Ɓeraye ta miƙe.

"Ni ce, ranki ya daɗe. Hotunan daidai ne, lissafin ne tsoho. Ga sabon nan a hannuna."

Minti ashirin tana bayani, ba ta kalli inda Likita yake ba ko sau ɗaya. Kafin ta zauna, Farfesa ya sulale ta ƙofar gefe, 'yarsa na biye da shi tana share ido.

Bayan mako guda aka cire sunansu daga aikin, aka kafa wa Likita kwamitin bincike. Mahaifiyarsa ta kira sau bakwai, rannan har da saƙo mai cewa "ɗiyata". Ba ta ɗauka ba.

Sai ga shi da kansa a ƙofar ɗakin binciken, ya rame, rigarsa ko guga babu.

"Zumata... ki rufa mini asiri. Ki ce musu tare muka yi. Wallahi ina son ki!"

Ta dubi kwalbar da take riƙe da ita. Ta so shi, wannan ba ƙarya ba ne. Ta ajiye kwalbar a hankali, ta cire safar hannu, ta zare zobensa ta aza a kan tiren kayan da aka gama amfani da su.

"Ɗauki abinka."

Ya tako zai shigo.

"Tsaya nan! Kana ganin jan layin ƙasan nan?"

Ya tsaya cak.

"Ɗakin nan tsaftatacce ne. Kada ka ƙetare."