Mangwaron da Ya Tare Hanyar Keken Baba

"Wa ya ba ki izini?!"

Haka Dogo ya faɗo ofis ko sallama babu, takalmi duk ƙura, ɗanyen ganye maƙale a kafaɗar rigarsa. Ni ina kan kujerar baƙi, na zo a nuna mini ɗan gidan kwalin da 'yar ƙanena ta haɗa, samfurin inda za su zauna bayan aure. Ashe kallon da ya fi wannan ke jirana.

Fensir muke ce mata tun tana yarinya, don sirantarta. Zanen gidaje ne aikinta, tana koyarwa a jami'a, har littafi ta rubuta, mai kaurin da nake tokare tagata da shi. Shi kuwa Dogo kantin magani gare shi, da haƙurin da ban taɓa gani wurin namiji ba. Tun da ɓarin jikin babanta ya shanye ta ce ba za ta yi aure ta bar tsohon ba. Dogo ya ce a taho da Baba. Ya miƙa mata filin da ya gada, ya ce ta zana musu gida.

"Izinin me, masoyina?" ta ce, ruler a hannunta... to, abin awon nan dai nasu.

"Mangwaron! An sare shi! Na tarar ana ɗora itacen a mota!"

"Au, shi ne? Haba, ka tsorata ni." Har da 'yar dariyarta. Ta jawo gidan kwalin gabansa. "Duba nan. Keken Baba ba ya hawa matakala, sai an yi masa hanya mai gangara a hankali, daga ƙofa har ɗakinsa. In ta yi tsaye zai kife. Na juya zanen ta ko'ina, bishiyar ce a tsakiya. Zan dasa maka wasu, guda nawa kake so?"

"Wasu..."

Ya maimaita kalmar kamar ta ƙona masa harshe. Ni dai na gyara zama.

"Mahaifiyata ce ta dasa shi, da cikina. A gindinsa ta yaye ni. Ranar da muka rasa ta, can na je na zauna har aka neme ni. Ba ni da hotonta ko ɗaya, Fensir. Shi kaɗai ne."

Abin awon ya suɓuce ya faɗi.

"Ba ka taɓa faɗa mini ba..."

"Kin taɓa tambaya?"

Nan fa ake yinta. Duk garin nan an san yarinyar nan da tambaya. In ka kawo mata aiki, ba ta taɓa takarda sai ta je gidanka ta wuni. Ina kake cire takalmi? Wa ke riga kowa tashi? Ina kake zama in ranka ya ɓaci? Wani ɗan kasuwa ya taɓa ce mata, "Gida na ce ki zana mini ko aurena za ki yi?" Ɗalibanta ma abin da take dasa musu a kai kenan: kunne kafin hannu.

"Kowa kina zama ki saurare shi," in ji Dogo. "Har mai gadi kina tambaya ina yake son tagarsa. Ni kaɗai ne ban kai a tambaye ni ba."

"Na ɗauka na san ka ne! Wallahi na ɗauka na san ka ciki da bai!"

"Ni ma haka na ɗauka."

"Gwaggo, ki sa baki mana!" in ji Fensir.

Ni da ba a raba ni da magana, ranar sai da na laluba. Na ce, "Ɗan nan, itace ne fa, ita kuwa mutum ce. Kuskure ne."

"Gwaggo, na jira ta ban ƙosa ba. Ta ce aji, na ce to. Ta ce littafi, na ce to. Ta ce Baba, na ce ubana ne. Duk abin da ta zana, ni nake matsawa in ba shi wuri. Yau na ga inda matsawar ta kai ni."

Ta riƙo hannun rigarsa. "Rabin raina, kada ka yi mini haka... zan sake zanen, zan sake komai!"

"Sake mini bishiyar."

Ya zare hannunta a hankali, ba faɗa, ba zagi. Da ma zagin ya yi, da na san yadda zan lallaɓa shi. Ya fita.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na yi sintiri kantinsa har na sayi maganin tarin da ba na yi. Ya gaishe ni da ladabi, ya ƙi karɓar kuɗina, ya ƙi karɓar maganata. Ba a jima ba ya sayar da kantin ya bar gari.

Ita ta ɓoye wa babanta, amma ido ba ya ɓoyuwa. Wata rana da la'asar tana ba shi shayi a cokali, ya kauda kai. Maganarsa da ƙyar take fita, sai ka sa kunne.

"Dogo... ya daina zuwa."

Ta durƙusa gaban keken ta faɗa masa komai, tana kuka tana haɗiye rabin zancen. "Don kai na yi, Baba. Don kekenka ya wuce ba wahala."

Ya ɗaga hannun nan mai lafiya ya dafa kanta.

"Ya taɓa kai ni filin... kina wurin aiki. Muka zauna a gindin mangwaron, iska na kaɗawa. Na ce masa, in mun tare... nan za a riƙa ajiye ni."

Kofin ya karkace, shayin ya bi zanen da ta ɗaura. Ba ta ko ji zafinsa ba.

"'Yata," ya ce, "da kin tambaye ni."